Wace Manhajar Kiɗa Ce Ta Dace da Sifikun Falo? Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya haɗa kayan sauti a gidansa, ko amfilifaya ce da manyan sifiku biyu, ko 'yar ƙaramar nan mai wufa da ake ajiyewa ƙarƙashin talabijin, ba ya daɗewa sai ya zo kan maganar inda zai riƙa samo kiɗan. Kaset ya tafi, faifan CD ya yi ƙaranci, filashin da ake tura wa waƙoƙi a kasuwa kuwa sai abin da ka tarar a ciki. Tambayoyin nan su ne aka fi maimaita mini, daga abokai da 'yan'uwa da na taya haɗa kaya. Wanda yake sauri ya fara da ta Bluetooth da ta data, don nan ne aka fi yin asarar kuɗi.

Wai akwai bambanci tsakanin manhajojin nan, ko duk kanwar ja ce?

Akwai, amma ba a inda talla take nuna maka ba. Abu huɗu ne suka raba su: irin waƙoƙin da ke rumbunsu, yadda suke matse sautin kafin su turo shi, hanyar da za su bi su isa amfilifayarka, da kuma ko za ka iya biyan kuɗin wata daga ƙasar da kake. Masu talla na biyun suka fi ɗagawa, domin shi ne mai manyan lambobi. Ni kuwa na fi fara duba na uku. Manhajar da ta fi kowacce tsabtar sauti, in dai kayanka ba su san yarenta ba, dole ka bi da ita ta hanyar da za ta zubar da abin da ka biya kuɗi dominsa.

Me ake nufi da Lossless da Hi-Res da nake gani a jikin waƙoƙi?

Ma'aunin da ake komawa gare shi shi ne na faifan CD, wanda ya fito kasuwa a 1982. A cikinsa ana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kowane awo da bit 16, shi ya sa ake rubuta 16/44.1. Idan aka turo shi yadda yake, kilobit 1,411 ne a daƙiƙa. Wannan nauyi ne ya sa aka ƙirƙiro MP3 da AAC da Ogg Vorbis, waɗanda ke yar da sassan sautin da aka lissafa cewa kunne ba zai kula da su ba, har fayil ya koma kilobit 128 ko 256 ko 320. Abin da aka yar ya tafi ke nan, ba ya dawowa.

Lossless kuwa naɗewa ce ba yanka ba, kamar ka ninke babbar riga ka sa a jaka, in ka warware ta tana nan da aikinta cif. FLAC da ALAC su ne sunayen da za ka fi gani. Na biyun na Apple ne. Hi-Res shi ne abin da ya haura ma'aunin CD, wato bit 24 da awo har sau 96,000 ko 192,000 a daƙiƙa.

Tsakani da Allah, kunne yana jin wannan bambancin?

Daga 128 zuwa 320, ƙwarai kuwa. A sifika mai kyau za ka ji kaifin sauti yana yin wani shuu kamar ana murza leda, tafi yana dunƙulewa, dukan kalangu yana rasa wannan ɗan tsinin da ke fita lokacin da makaɗi ya taɓa fata. Daga 320 zuwa Lossless kuwa tazarar ta ragu sosai. Mutane da yawa ba sa iya rarrabewa idan ba su ga abin da aka kunna ba, musamman a falon da fanka ke juyawa, inji na ruri a maƙwabta, yara na shiga da fita.

Daga ingancin CD zuwa Hi-Res nan ne nake cewa a yi hattara da kuɗi. Kunnen ɗan Adam mai lafiya iyakarsa wajen hertz 20,000, kuma yana raguwa da shekaru. Ma'aunin CD ya riga ya ɗauki har 22,050. Idan ka ji wani faifan Hi-Res ya fi daɗi, sau da yawa dalilin shi ne an sake gyara shi daga asalin tef ɗin da aka naɗa, ba yawan lambobin ba. Hi-Res ba aibu ba ne in ya zo a cikin kuɗin da ka riga ka biya. Ƙara kuɗi dominsa kawai, alhali sifikunka na manne da bango a kusurwa, shi ne ban ga amfaninsa ba. Yadda za ka auna da kunnenka yana cikin amsa ta ƙarshe.

To wace manhaja ce ke ba da me?

Apple Music ta buɗe Lossless ga duk masu biya a watan Yunin 2021 ba tare da ƙarin kuɗi ba, har zuwa 24/192, kuma akwai ta a wayar Android, ba sai mai iPhone ba. Tidal, wadda aka kafa a Norway a 2014, tana ba da FLAC har 24/192, kuma tun 2024 ta haɗe matakan biyanta suka zama ɗaya. Qobuz ta Faransa ce, ita ma 24/192, ga shago da za ka sayi faifai ya zama naka har abada. Matsalarta ƙasashen da take aiki kaɗan ne, ba ta buɗe a yankinmu ba. Deezer, ita ma ta Faransa, ta tsaya a ingancin CD, wanda ya wadatar, kuma ta fi Tidal da Qobuz yaɗuwa a ƙasashe.

Spotify ta shekara da shekaru a kan 320. Ta yi alkawarin Lossless tun 2021, sai a Satumban 2025 ta fara sakinsa, har 24/44.1, ƙasa bayan ƙasa. Shiga saitin ingancin sauti a wayarka ka gani ko zaɓin ya bayyana. Ba ya kunna kansa, kuma kowace na'ura sai an kunna mata nata. YouTube Music ba ta da Lossless, tana tsayawa wajen 256, amma tana da abin da sauran ba su da shi (duba tambayar waƙoƙin Hausa). Boomplay da Audiomack an gina su ne don waya da ƙaramar data, ba don babbar amfilifaya ba.

Ina haɗa wayata da amfilifaya ta Bluetooth. Hakan bai isa ba?

Ya isa a ji kiɗa. Bai isa a ji Lossless ba. Bututun Bluetooth siriri ne, don haka duk abin da za a bi da shi sai an sake matse shi. Tsarin SBC da kowace na'ura ke da shi iyakarsa wajen kilobit 328. iPhone ba ta wuce SBC da AAC. LDAC na kamfanin Sony yana kaiwa 990, amma sai wayar da amfilifayar duka suna da shi, kuma ko shi bai kai 1,411 na CD ba. Ma'ana, wanda ya kunna Hi-Res ya bi da shi ta Bluetooth ya ƙona data ne kawai, a hanya aka rage masa kayan.

Akwai kuma wata matsalar da ba ta lambobi ba. Da Bluetooth duk abin da wayarka ta furta sai ya fita ta sifika. Na taɓa zama da baƙi ana jin kiɗa a hankali, na manta na taɓa saƙon murya a WhatsApp, sai ga muryar yayata ta cika falo tana yi mini faɗan kuɗin gudummawar biki da ban tura ba. Tun ranar na nemi wata hanya. Haka kuma in ka fita tsakar gida da wayar a aljihu sai kiɗan ya fara tsinkewa, in an kira ka ya tsaya cak.

Wace hanya ce ta fi Bluetooth?

Mafi kyau ita ce wadda amfilifayar, ko wani ɗan akwati da ke haɗe da ita, zai jawo kiɗan da kansa daga intanet, wayarka ta zama rimot kawai. Spotify Connect da Tidal Connect haka suke aiki, Qobuz ma ta fito da nata a 2025, sannan akwai Google Cast, wanda YouTube Music da Deezer ke bi. Ka danna waƙa, ka amsa kira, ka fita da wayar ma, kiɗa na ci gaba.

Apple Music ce mai ɗan taurin kai a nan, a iPhone ba ta da irin wannan tsarin, sai a Android take bin Google Cast. Hanyarta a iPhone AirPlay ce, inda sautin ke bi ta wayar zuwa sifika a kan Wi-Fi, kuma Hi-Res ba ya wucewa ta nan. Mai son ta a falo ya fi samun sauƙi da akwatin Apple TV 4K da aka haɗa da amfilifaya ta kebul ɗin HDMI, wanda ke kai Lossless har awo 48,000 a daƙiƙa, ko sifikun Sonos da ke kunna ta a cikin manhajarsu. Mai son 24/192 ɗinta cikakke sai ya haɗa waya ko kwamfuta da DAC, wato na'urar da ke mayar da lambobi su zama sauti, ta kebul ɗin USB.

Shi ya sa nake cewa kafin ka biya ko sisi, juya bayan amfilifayarka ko kwalinta ka karanta tambarin da ke jiki. In ka ga Spotify Connect kaɗai, rabin zaɓin an riga an yi maka.

Amfilifayata tsohuwa ce, ta gwanjo, ba ta san intanet ba. Sai na canza ta?

A'a, kada ka yar da ita. Tsofaffin amfilifayoyin Japan irin su Yamaha da Pioneer da Technics da yawansu sun fi sababbin masu walƙiya ƙarfi da tsabta. Abin da take buƙata ɗan akwatin jawo kiɗa ne, irin su WiiM Mini ko WiiM Pro, ko Bluesound Node ga mai hali. Akwatin yana kama Wi-Fi, a cikinsa akwai DAC, wato abin da ke mayar da lambobi su zama sauti, sai ka haɗa shi da amfilifayar da kebul ɗin nan mai kai ja da fari. Sa shi a ramin da aka rubuta AUX ko CD ko TAPE. Kada ka kuskura ka sa a PHONO, na garmaho ne, zai ƙara ƙarfin sautin har ya farfashe.

Karanta abin da kowane akwati ke karɓa tun kafin ka saya, don ko na kamfani ɗaya ba su zama ɗaya ba: WiiM Mini yana da AirPlay amma ba shi da Google Cast, WiiM Ultra yana da Cast amma ba shi da AirPlay. In kuɗin akwati bai samu ba tukuna, tsohuwar waya da aka daina amfani da ita, a jona ta da kebul a bar ta kan tebur, ta fi Bluetooth.

Data nawa abin zai riƙa ci?

Nan ne gizo ke saƙar. Apple da kanta ta rubuta a saitinta cewa waƙar minti 3 tana cin kimanin megabait 6 a kan 256, megabait 36 a Lossless na 24/48, da megabait 145 a Hi-Res na 24/192. Ɗauki mai jin kiɗa awa 2 kullum, awa 60 ke nan a wata. A kan 256 zai ci wajen gigabait 7. A ingancin CD, tsakanin 20 da 30. A kan 24/192 lissafin ya haura gigabait 170. Wanda ke sayen data ƙididdigagga zai tarar kuɗinta ya ninka kuɗin manhajar sau da yawa.

Gudun intanet ba shi ne matsala ba, ingancin CD bai kai megabit ɗaya da rabi a daƙiƙa ba, Hi-Res mafi nauyi wajen 9. Matsalar sabis ne mai zuwa da ɗaukewa, musamman da magariba. Dabarar da ta fi yi mini aiki: na sauke faifan da nake yawan ji a waya sau ɗaya lokacin da data ke da araha, na bar sababbin da nake ɗanɗanawa a kan matsakaicin inganci. Sai dai a sani, akwatunan da aka ambata a sama ba sa ajiye waƙa, kuma Connect daga intanet yake jawowa ko da ka sauke a waya. Abin da ka sauke sai ta kebul ko AirPlay ko Bluetooth zai fita.

Waƙoƙin Hausa na fi ji. Wace ce ta fi su?

Mawaƙan zamani da ke da masu rarraba musu waƙa za ka same su kusan ko'ina, Spotify da Apple Music da Deezer. Amma sabuwar waƙa ta kan fara yawo a YouTube da Audiomack da Boomplay, wasu ma nan suke tsayawa. Boomplay a Najeriya aka ƙaddamar da ita a 2015, tana zuwa a cikin wayoyin Tecno da Infinix da itel, shi ya sa ta shiga hannun mutane da wuri. Makaɗan Nijar da kamfanonin Turai da Amurka suka naɗa kuwa suna nan da ingancinsu a manyan manhajoji, sau da yawa ma sun fi na gida kyawun naɗi.

Tsofaffin makaɗa su ne abin tausayi. Yawancin abin da Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da tsararrakinsa suka bari, an naɗe shi ne a faifan garmaho da tef ɗin gidajen rediyo da kaset, wasu a filin biki da makirufo ɗaya. Abin da ke intanet galibi daga kaset aka kwafo, aka mayar MP3, ya bi hannu goma kafin wani ya ɗora. Idan irin wannan fayil ya shiga manhajar da ke rubuta Lossless, tambarin gaskiya ya faɗa game da jakar, ba game da kayan ciki ba. Za ka ji shuu ɗin kaset ɗin da kyau, shi ke nan. Ga mai irin wannan kiɗan, YouTube Music ta fi kowacce tarin kaya, domin tana haɗawa da abin da mutane suka ɗora da kansu. Haka ma karatun Alƙur'ani da wa'azi: muryar mutum ɗaya ba ta buƙatar 24/192, kyawun naɗin farko ne ke magana.

Kafin ka yanke shawara, rubuta sunayen mawaƙa goma da ba ka iya sati ba ka ji su ba, ka neme su ɗaya bayan ɗaya a kowace manhaja. Gwada rubutun sunan iri biyu ko uku, da ƙugiya da babu, don masu ɗorawa kowa da yadda yake rubutawa.

Yaya batun biya? Katina na naira zai yi?

Spotify ta shigo Najeriya a Fabrairun 2021 da farashin naira 900 a wata, an ƙara tun daga lokacin, amma har yanzu da naira take karɓa, kuma ya yi ƙasa sosai da abin da ake biya a Turai. YouTube Music ta riga ta shigowa, a 2020. Apple Music ma da naira take sa farashi. Inda ake samun cikas shi ne banki, wani katin ya wuce, wani a ƙi shi, kuma dokar bankuna kan biyan kuɗi zuwa waje ta sha canzawa. Gwada katin tun a lokacin gwaji na kyauta, kada sai ka gama tara waƙoƙi.

Ana yawan tambayata ko a buɗe Qobuz da VPN da adireshin wata ƙasa. Ban ba da shawara ba. Za ka biya da kuɗin waje a farashin waje, ya saɓa wa sharuɗɗansu, kuma ranar da suka rufe asusun jerin waƙoƙinka sun tafi.

Ni da maigidana da yara duk muna ji. Asusu ɗaya zai ishe mu?

Ba zai ishe ku ba, Hajiya. Asusun mutum ɗaya wuri ɗaya yake kunnawa a lokaci ɗaya: kina ji a falo, shi ya kunna a mota, naki ya tsaya. Ga kuma manhajar tana koyon abin da ake ji, yara su yi kwana biyu da ita ki tarar duk shawarwarinta sun koma waƙoƙin katun. Tsarin iyali na Spotify da Apple Music yana ɗaukar mutum 6, kowa da nasa asusun. Spotify tana sharɗanta ku kasance a gida ɗaya.

Dolby Atmos fa?

Apple Music da Tidal suna da shi, Spotify da Qobuz ba su da shi. Sauti ne da aka rarraba ya zo ta gaba da baya da sama, don haka sai amfilifaya mai Atmos da sifiku da yawa, da na'urar da za ta kai shi ta HDMI. In sifiku biyu gare ka, kashe shi, ka ji waƙar yadda aka haɗa ta tun asali.

Na ga DAC mai tambarin MQA, mai shago ya ce shi ya sa ya fi tsada.

Kada ka ƙara ko kobo saboda shi. MQA tsari ne da Tidal ta yi amfani da shi shekaru. Kamfanin da ya ƙirƙiro shi ya shiga matsalar kuɗi a 2023, Tidal kuma ta cire shi a Yulin 2024 ta koma FLAC. DAC ɗin zai yi aikinsa daidai, tambarin ne ba shi da sauran amfani a manhajojin da muka lissafa.

Na biya Lossless amma ina jin wani "zzz" a sifika. Laifin manhajar ne?

Ba nata ba ne. Tsayar da waƙar ka ƙara murya. In ƙugin yana nan, daga wuta ne ko kebul. Abin da na fi tararwa shi ne waya tana caji tana kuma jone da amfilifaya, cire cajar ka ji ya ɗauke. Sai inbata mai arha wadda wutarta ba ta da santsi, sai kebul ɗin sauti da ya kwanta a kan wayar wuta, sai talabijin da dikoda da amfilifaya kowanne a soket dabam. Haɗa su a soket ɗaya mai kyau. In amfilifayar na da ramin kebul mai haske, yi amfani da shi, don wuta ba ta bi ta cikinsa. Kuma ka saba kashe amfilifaya kafin a juya daga wutar NEPA zuwa inji.

Yaya zan gwada da kaina, kuma in na canza manhaja waƙoƙina fa?

Ɗauki biyu kawai, waɗanda suka tsallake tambayar tambarin amfilifaya da ta mawaƙa goma, ka yi amfani da lokacin gwajinsu a wata ɗaya. Zaɓi waƙa uku da ka haddace. Shiga saiti ka ɗaga inganci zuwa ƙarshe, ka kashe daidaita ƙarar waƙoƙi da duk wani gyaran sauti a duka biyun. Sannan ka daidaita ƙarfin muryar da kyau, domin wadda ta ɗan fi ƙara kullum ita kunne ke cewa ta fi daɗi. Ba wani wayar ya riƙa canzawa kana juya baya, sau goma, yana rubuta abin da ka ce. Da dare ya fi, bayan unguwa ta yi shiru, a kashe fanka. In ka kasa rarrabewa, ɗauki wadda ta fi sauƙin sarrafawa da arhar data.

Jerin waƙoƙi ana iya kwashe su daga wannan manhaja zuwa waccan da Soundiiz ko TuneMyMusic, ko SongShift ga mai iPhone. Sunaye suke daidaitawa, don haka waƙoƙin Hausa sukan ɓace a hanya ko a kawo maka wata dabam mai kama da sunan. Bi jerin da ido bayan an gama. Abin da ka sauke a waya kuwa ba ya binka, aro ne, yana rufewa da zarar kuɗin wata ya ƙare, kuma Spotify tana son wayar ta leƙa intanet aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30 ko da kana biya. Kada ka soke tsohuwar sai ka ga jerin ya sauka lafiya a sabuwar.